Jan Ƙyallen da Kuka Sauke Ba Ku Faɗa Mana Ba

Zuwa ga Daraktan kamfanin da ke gina dogon bene a bakin unguwarmu, nan Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sunana Hajara, ina ɗinkin kayan yara a gida. Ni ce uwar Fassuma, yarinyar nan kurma da dutsen aikinku ya buga. Na yi ta zuwa ƙofar shantiyenku, wurin ginin, kullum mai gadi sai ya ce mini kana Yamai. Shi ya sa na rubuta a fili, don in ba ta same ka ba, ta sami wanda zai faɗa maka.

Da girmana na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci, kuma saboda Fassuma na koya. Sanƙarau ya ɗauke mata ji tun tana ƙarama. Da ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ta fara rubutu, na ga akwai maganar da hannu ba ya iya faɗa, sai allo. To da wannan rubutun nake yi maka magana yau.

Na farko, ina tuna maka alkawarinka. Da kuka fara haƙa harsashi kuka tarar da dutse, kamar yadda kowa ke tararwa a garin nan, kuka ce sai an fasa da nakiya. Ka zo da kanka ƙofar gidan mai unguwa, ka ce kafin kowace fashewa za a kaɗa jiniya. Na miƙe daga bayan mata na ce ɗiyata ba ta jin jiniya, kuma hanyar lakwal ɗinsu ta gefen raminku ta bi. Wasu maza suka fara gunaguni, kai ka ɗaga hannu ka ce a bar ni in gama. Ka ce kai ma uban 'ya'ya mata ne. Ka ce za a kafa dogon ƙarfe a bakin hanya, a riƙa ɗaga jan ƙyalle, kuma ba za a taɓa nakiya ba sai yana sama. Na ce ni zan ɗinka. Mai unguwa shaida ne, liman ma yana zaune.

Na biyu, ka san abin da alkawarin nan ya canza a gidana. Kafin ƙyallen, Fassuma tsoron wurinku take yi. Tana jin fashewar a tafin ƙafarta, don haka ba ta yarda ta kusanci ramin. Ta bayan kasuwa nake zagayawa da ita, hanya mai nisa, amma lafiya lau muke zuwa mu dawo. Da aka kafa ƙarfen, ni na cire mata tsoron. Na rubuta mata a allonta: in ja yana sama, tsaya; in babu ja, wuce. Ta tambaye ni wa ya faɗa, na rubuta mata: babban mutum. Duk tsawon rani haka aka yi. Wani dattijon lebura, Malam Ila, shi ke ɗaga ƙyallen, har sun saba, tana ɗaga masa hannu in za ta wuce. Ni kuma na daina rakiya na koma kan keken ɗinkina, ina yi muku addu'a. Da ginshiƙan gabas suka fara leƙowa daga rami, Fassuma ta zana benenku a takarda, ta yi masa hawa-hawa har takardar ta ƙare.

Na uku, abin da ya faru. Da aka gama gefen gabas kuka koma fasa gefen yamma, wanda ya fi kusa da hanya. Kuka kawo sabon shef mai kula da aikin da sababbin masu nakiya, aka mayar da Malam Ila can ciki wurin kwaɓa siminti. Babu wanda ya gaya wa sababbin maganar ƙyalle, babu wanda ya gaya mana an daina. Ranar wata Laraba da safe aka kaɗa jiniya, kowa ya ruga. Fassuma ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi ƙarfen kamar yadda na koya mata, ta ga babu komai, ta wuce. Mai koko da ke zama a bakin hanya ta ce mini ta yi ta ƙwala mata kira har muryarta ta dishe, amma bayanta kawai take gani. Ɓarin dutse ya sauka a kafaɗar yarinyar ya karya ƙashi. Likita ya ce da ya hau da taƙi ɗaya, da ba wannan maganar ake yi ba.

Ranka ya daɗe, ka duba wannan da kyau. Da ba ka yi alkawari ba, da har yau ta bayan kasuwa muke bi. Ƙyallenku ne ya jawo ta kan hanyar nan, rashinsa kuma ya ce mata ta wuce.

Na huɗu, abin da na tarar da na je neman bayani. Shef ɗinku ya aiko da kuɗin magani, na karɓa, ba zan ɓoye ba. Amma da na tsaya gabansa, ce mini ya yi an kaɗa jiniya, su sun cika ƙa'ida, kuma me ya sa ake barin kurma tana yawo ita kaɗai. Yarinya da allonta a hannu, da safe, a kan hanyar lakwal, shi ne yawo? Ina fitowa sai ga wata kamiyo, babbar motar kaya, ta shigo da dogayen ƙarafa, an ɗaure jan tsumma a wutsiyarsu don masu babur su gani. Na san ɗinkina. Na ninka bakinsa sau biyu don kada iska ta yage shi. Ashe ba ɓata ya yi ba, an dai ga ya fi amfani a bayan mota.

Na biyar, wanda ya fi yi mini ciwo. Ƙashi yana haɗewa, alhamdu lillahi. Amma da muka dawo gida ta jawo allonta da hannun hagu ta rubuta: Inna kin ce in babu ja wuce. Tun ranar, in na ɗaga hannu zan yi mata magana, sai ta juya fuska ga bango. Kai mai ji, in ka toshe kunne wani abu zai ratsa. Ita in ta kau da ido, shi ke nan, ba ni da ƙofar shiga. Ta ƙi lakwal, ko ta bayan kasuwa. Kuma har yanzu ba ku gama fasa gefen yamma ba, ga shi ba ita kaɗai ce kurma mai bin hanyar nan ba.

Ga abin da nake roƙo. A mayar da ƙyallen, ya zama aikin mutum ɗaya sananne, wanda in an ɗauke shi za a sa wani a sanar da unguwa. A tsayar da mutum a kowane bakin hanya lokacin fashewa, wanda zai tare yaro da hannu, ba da murya ba. Sannan ka zo da kanka, kamar yadda ka zo ranar da kake neman haƙurinmu. Ka tsaya gaban Fassuma ka rubuta mata a allonta cewa kai ne babban mutumin, kuma daga wurinku aka saɓa, ba uwarta ce ta yi mata ƙarya ba. Na ɗinka sabon ƙyalle, yana nan a ninke. Ba zan miƙa shi ga mai gadi ba, sai a hannunka, tana gani.

Allah ya tsare ma'aikatanka, ya sa a gama ginin nan ba a sake zubar da jinin kowa ba. Allah ya raya maka 'ya'yanka mata da ka ambata ranar nan, ya sa kada su taɓa juya maka fuska.

Wassalam.

Hajara, uwar Fassuma