Hannun Hagun Abdulbasit

Darrasa, Alƙahira
Talata, 7 ga Mayu, 2013
Aikin farko yau: dafa ruwan gashin kafaɗa.

Zuwa ga Yaya Fatuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Mu nan lafiya, sai abu ɗaya da na yi ta juyawa a raina kafin na ɗauki biro.

Maganar ɗanki Abdulbasit ce. Wasu baƙi a unguwar Dokki suna da ƙungiyar wani wasa da ake kira besbol, inda mutum ɗaya ke jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya tare ta da kulki. Mai horar da su ya ga jifansa, ya tambaye shi inda ya koya, ya ce a korar tsuntsaye daga gonar shinkafar Malam. Suka ɗauke shi majefi, har da albashi. Na je kallo sau ɗaya, Yaya, ban fahimci komai ba, amma na ga manyan mutane suna dukan iska. Bai cika wata biyu ba kafaɗarsa ta dama ta tsage daga ciki. Suka ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri, suka kawo wani. Likita ya ce jifa ya ƙare, kuma hannun ba zai riƙe biro ba sai bayan azumi.

To ga jarrabawarsa ta matso, kuma da hannu ake rubuta ta, ga ta cike da ayoyi. In bai zauna ba tallafin karatunsa zai tsaya, iƙamarsa ma, wato takardar izinin zamansa, ba za ta sabuntu ba. Kin san bahago aka haife shi. Na ba shi takarda ya gwada da hagu, rubutun ya fito tamam. Amma ya ajiye biron. Ya ce ranar da kika kwance masa zanen da kike ɗaure hannun da shi, kin ce ba ki yafe ba in ya sake rubuta aya da hagu. Na kai shi wajen malaminsa, ya ce masa lalura ce, babu laifi. Ya ce shi ba fatawa yake jira ba.

Ban sani ba ko na kyauta da na bar shi ya shiga wasan, kuma ba na cewa kin yi kuskure. Roƙona ki kira shi da bakinki. Saƙo ta wajena ba zai karɓa ba.

Ki gaida Malam, da Mardiya, da Gidaɗo, da Inna ƙwarai.

Ƙaninki,
Tijjani

Abin da ya rage gobe:
Karɓo hoton kafaɗa daga asibiti.
Tambayar ranar jarrabawar tafsiri.
Cajin wayarsa, a ajiye masa ita ta gefen hagu.