Yayana ya mai da yatsana noti mai tsatsa

Anti Sherifa, ki taimake ni kafin in yanke zumunci. Ni tela ce a Maamobi, shekara goma sha ɗaya ina riƙe da almakashi. Wata uku ke nan yatsan tsakiya na hannuna na dama yana maƙalewa. In na lanƙwasa shi sai ya ƙi miƙewa, sai na sa hannun hagu na ɓalle shi, ya yi ƙas.

Yayana Abass, mai sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, ya kawo mini wani mai na Ayurveda, maganin gargajiyar Indiya. Wanda ya sayar masa da man ya ce a ɗumama, a shafa a hankali, a huta. Yaya ya ce shi ya san ƙarfe, abin da ya cije sai an sa masa mai an sa ƙarfi. Kullum da safe yana zuba man, ya murɗe yatsan ya fizge, ina kuka yana cewa ragwanci ne. Yanzu tafin hannuna ya kumbura, almakashi ya gagare ni, ga yadin mutum tara, Sallah saura sati biyu. Wallahi raina a ɓace yake, ko gaisuwarsa ba na amsawa. Man ne ya cuce ni ko shi?

Tela mai fushi, Maamobi

Ƙanwata, fushinki yana kan hanya. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsan ce ta kumbura har ta daina wucewa sumul a hanyarta, fizga kuwa ƙara mata kumburi take yi. Masu Ayurveda suna amfani da man riɗi mai ɗumi, da tausa mai laushi, da gashi da ruwan ɗumi, da hutu. Hakan kan rage zafi, amma babu tabbacin yana warkarwa. Laifin man kaɗan ne.

Ki hana Abass taɓa hannun nan daga yau. Ki je asibiti a satin nan, a duba har da sukari, don ciwon yakan zo tare da shi. Likita zai iya ɗaure yatsan, ko allura, ko ƙaramin aiki.

Yayanki ya yi wauta, amma kullum da safe yana barin shagonsa dominki. Ki faɗa masa ɓacin ranki gaba da gaba, sannan ki amsa gaisuwarsa.

Yadin nan ki mayar wa masu shi gobe, tun suna da lokacin neman wani tela. Za su yi ƙorafi, ki daure. Sallah ɗaya za ki rasa, hannun kuwa shi ne sana'arki. Allah Ya ba ki lafiya.

Anti Sherifa