Ranar Gayyar Dashen Baba

Ƙanena Nasiru,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya baƙunta? Ya Hadiza da jaririnku? Mu nan Bunkure lafiya, sai dai Baba.

Da ruwa ya daina kaiwa gonakin ƙarshen kanal, wato magudanar ban ruwa, wani ya ce a teburin mai shayi wai Baba ne ke karkatar da shi zuwa shinkafarmu, tunda shi ke buɗe ƙofar ruwa. Da farko dariya aka yi. Sai na tuna ɗigo da layukan da ka taɓa zana mini a ƙasa, kana cewa mutum ba ya sauya ra'ayi sai abokan zamansa sun sauya. Haka kuwa aka yi. Wannan majalisa ta ɗauka, waccan ta bi, har aminin Baba Malam Isa ya daina tsayawa a ƙofar gidanmu.

Ranar gayyar dashe Inna ta tuƙa tuwo babbar tukunya. Baba ya zauna bakin gona har azahar, ba wanda ya zo.

Daga baya aka gano yashi ne ya toshe bututun da ke kai wa gonakin ruwa. Amma wannan labarin bai dawo da kowa ba, Nasiru. Kowa ya ji, kowa yana jiran wani ya fara zuwa. Baba ya daina fita, abinci ma sai an matsa masa.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida Hadiza. Kuma ka duba mini a lissafin naka, mutum nawa ake bukata kafin gari ya dawo ya gaida tsoho? Kullum sai ya sa an shimfiɗa tabarmar baƙi a zaure.

Yayanka,
Auwalu