Zauren Labo na Bakin Hanya

Malumfashi, watan Safar, 1291 bayan Hijira

Zuwa ga angona Maitama magini, a birnin Zazzau.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya Asma'u da goyonta? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta ƙi ni. Ka yi haƙuri da rubutun, allona bai yi nisa ba aka kai ni ɗaki. In harafi ya karkace ka tallafe shi, ai aikinka ne.

Bayan haka, zauren kakanka Labo ba lafiya, wannan na bakin hanyar Kafur inda fatake ke sauke kaya su sha ruwan randa. Rufin ya yi ciki kamar akuya mai tagwaye, azara biyu sun tsage. Baffanka Isyaku ya ce a rushe tun bai danne baƙo ba, a kwashe tsohuwar ƙasar a kai gona, wai taki ce. Na ce masa ni ma tsohuwa ce, sai ya haɗa da ni.

Dariya na yi, amma raina ya ɓaci. Ka zo ka duba kafin damina. An ce kana gina wa manya soraye, to ga na talakawa yana kiranka.

Ka huta lafiya. Kakarka, Hansai.

*

Zuwa ga Maitama, wanda na kora ko fura bai sha ba.

Gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ina fatan ka isa gida lafiya, kuma ƙeyarka ta huce daga zagina.

Na yi ta juya maganarka. Ka ce tun rasuwar Labo, kowace bazara mutanen unguwa da Maguzawan gidan Marka suna yin gayya su ƙara wa rufin sabuwar ƙasa don lada, ba wanda ya taɓa kankare ta bara, shi ne nauyi ya karya azara. Ashe alheri ma yana danne gini. Wannan na yarda. Abin da ya sa na ɗaga maka sanda shi ne da ka ce sai an sauke rufin duka, har da yaɓen ciki.

Kai yaro ne, zanen ado kawai ka gani a yaɓen nan. Ni na ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar nan, ina amarya. Labo yana kan tsani yana jan zanen da yatsunsa, ina ƙasa ina ce masa ya karkace. In ka ɗaga kai da kyau, layi huɗu ne, ɗaya bai kai sauran zurfi ba: yatsan da lauje ya gutsure masa ke nan. Kabarinsa ya baje tuni, har an rasa gurbinsa. Duk duniya ba inda zan ga hannun mutumin nan sai a rufin nan.

Saboda haka ban yarda ba. Ka nemo wata dabara, ko ka sake ni in auri wani maginin.

Kakarka, Hansai.

*

Malumfashi, watan Rabi'ul Awwal

Zuwa ga angona Maitama.

Gaisuwa da so da yarda. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke, alhamdu lillahi.

Ranar kasuwa wani gutsuren rufi ya faɗo dab da kan wani tsohon mai goro yana sallar azahar. Allah ya kiyaye, kafaɗa kawai ya goga. Amma labari ya bi hanya. Yanzu ayari in ya iso, sai su zarce gindin tsamiya, su da jakunansu cikin rana. Na cika randa da safe, na tarar da ita da yamma yadda na bar ta. Na zauna a ciki ni kaɗai ina kallon yatsun Labo, sai kunya ta kama ni. Da zai leƙo ya ga ba tabarma ko ɗaya a shimfiɗe, ba zai tambayi zanensa ba, baƙinsa zai tambaya.

Na aika aka kira Marka da 'ya'yansa. Suka ɗora ni a kan tsani, mutum biyu na riƙe da ni, na sa yatsuna cikin nasa na yi masa addu'a. Sannan na karɓi gatari na fara sara da kaina, don kada wani ya ɗauki nauyin abin. Ban yi kuka ba sai da ƙura ta lafa.

To yanzu zauren a buɗe yake, ango. Bango huɗu ne da sararin Allah. Marka ya saro giginya ya tsaga azara, mata sun jiƙa makubar yaɓe, an tara ƙasa a ƙofa. Isyaku ya ce in ruwan fari ya sauka a ciki, bangon ya zama na gona, kuma wannan karon ba ni da bakin musu. Jiya hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Ban san ko za ta sake yi mini wannan alfarma ba.

Ban bar maka wurin cewa sai baɗi ba, da gangan na yi. Ka biyo madugun da ya kawo maka takardar nan.

Allah ya kawo ka lafiya, amin. Kakarka mai jiranka a bakin hanya, Hansai.