Mu Biyu Masu Amsa Cooper

Yaya Ladidi,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau a nan Hull ta Ingila, sai dai gidan ya yi mini girma tun rasuwar mijina Dennis.

Kin ce in ajiye sunan gidansu in dawo. Cooper ba sarauta ba ce, ma'anarsa mai haɗa gangunan katako, amma a nan shi ne sunana. Jiya na kai surukata Maureen asibiti. Aka kira Misis Cooper, muka miƙe tare. Ta yi dariya, ta riƙe hannuna.

"Zauna, 'yar nan, ni ake nema. Mu biyu muka rage masu amsa shi."

Ki aiko mini da daddawa, Allah ya saka da alheri. Ki ba Inna haƙuri, bana ba zan zo ba. Ba zan bar tsohuwar nan ta miƙe ita kaɗai ba.

Ƙanwarki,
Asabe