Layin da Na Bar wa Direba

An yi mini jika! Mace ce, lafiyarta lau, ita da uwarta, bayan shekara goma sha ɗaya muna zuba ido. To, yanzu kuma sallama gare ka, mai wannan fili, ka yi haƙuri na sa murna gaba da gaisuwa. Ka taimake ni don Allah. Ina rubuta maka wasiƙar nan ne da ɗinki tara a kaina, haƙarƙarina kuma ba ya son dariya, ni kuwa kwana shida ke nan na kasa rufe baki.

Ni dillalin gidaje ne, shekara talatin da ɗoriya. Ofishina shago ɗaya ne: benci biyu, tebur mai gilashi, da wani allo mai ƙusoshi inda nake rataye mabuɗan gidajen mutane. Ɗana, uban jaririyar nan, tare muke aiki. Ban yi karatu da ƙuruciya ba. Sai da na haura hamsin na shiga ajin manya na yamma, na zauna a kujerar yara gwiwata tana dukan tebur, har Allah ya sa na iya. Da can aikina in haɗa mai saye da mai sayarwa su tafa, in yi gaba. Tun da na iya riƙe biro kuwa ban sake bari wani ya rubuta takardar ciniki ba. Akwai ma wata jimla da nake rufewa da ita, wadda malaminmu ya taɓa yabawa: "Ni dillali na tabbatar babu wata rigima a kan wannan gida." Don daɗin da take yi mini har layi nake ja mata a ƙasa.

Wata huɗu da suka wuce aka kawo mini gidan gado, magada biyar. Huɗu suka zo. Na biyar, autansu, direban babbar mota ne, yakan yi watanni a hanya. Babban wansu ya dafa ƙirji ya ce shi ya goya yaron nan, ba ya ƙetare maganarsa, kuma sun yi waya ya amince. Ban ce a kira shi a gabana ba. Na yi abin da muka saba a sana'ar: na jera sunaye biyar, huɗu suka sa hannu, na bar wa Direba layinsa fari, in ya dawo ya cika. Na sha yin haka, mutum ya dawo ya dangwala yatsa a rabu ana dariya. Na rufe da jimlata. Wanda ya saya kuwa wani tela ne, mutum mai sanyi, da matarsa da 'ya'ya uku. Na ce masa zan riƙe takardar har layin ya cika, bai ko nemi kwafi ba. Washegari na aiki ɗana ya kai masa mabuɗi.

Litinin ɗin da ta wuce Direba ya dawo da hantsi, ya nufi gidan ubansa da jaka a kafaɗa, ya tarar da sabon fenti da kwaɗon da bai sani ba. Ashe babu wanda ya taɓa yi masa waya. Ya koma tasha ya ɗebo abokansa huɗu, da guduma da ƙarfen kwance taya. Maƙwabta sun ce duka uku ya yi ƙofar ta kwanta. Suka ɗauko keken ɗinkin Tela suka maka a kan titi, kai ya yi gefe, ƙafa ta yi gefe. Tela ya tare ƙofar ɗakin da yaransa suka ɓuya, suka karya masa hannun dama, hannun da yake neman abinci da shi. Da suka tambaye shi uban wa ya ba shi mabuɗi, ya faɗa. Ban ga laifinsa ba.

Ina zaune a ofis suka faɗo. Direba ya tambaya wai ni ne tsohon banzan da ke sayar da gidan uban mutane da rubutun 'yan aji ɗaya. Na miƙe zan ce masa ɗana zauna mu yi magana, ban rufe baki ba ya ɗaga benci ya sauke a kan tebur, gilashi ya tarwatse har bakin ƙofa. Ɗayansu ya fizgo allon mabuɗai ya kwaɗa mini a ka. Ƙusa ce ta tsaga ni tun daga goshi har bayan kunne. Jini ya rufe mini ido, na faɗi, suka bi ni da takalmi, Direba yana cewa in tashi in rubuta wannan ma, tun da ni gwanin rubutu ne. Ina jin mabuɗan mutane a ƙarƙashin kumatuna, jiƙe da jinina.

Ana cikin haka sai ga ɗana. Da safen ya kai matarsa asibiti, ya dawo ne ya gaya mini naƙuda ta kankama. Mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa. Ya ga ubansa a ƙasa ana tattakawa, ya suri ƙafar bencin da ta karye ya kai wa Direba a baki. Haƙora uku suka zube, muƙamuƙi ya goce. Sannan ne mutanen layi suka samu suka shiga tsakani.

Asibiti ɗaya aka kwashe mu duka, ni da Tela da Direba, surukata kuma tana bene. Ana cikin ɗinke ni wata nas ta leƙo ta ce wane ne kaka a nan. Wallahi da zare yana lilo na tashi, sai da mutum biyu suka danne ni aka ƙarasa. Na hau benen nan ina dafa bango. Malam, ka ga yatsunta? Kamar an ƙera. Kunnen kuwa nawa ne sak, duk wanda ya ce na dangin uwarta ne son kai ne. Matata ta ce in ja da baya kada in firgita yarinya, wai kaina kamar an naɗe kabewa. Na ce ai gara ta san mijinta tun yanzu.

Ga inda nake neman taimako. 'Yan sanda sun ɗauki bayanin kowa, an ba da belin ɗana. Direba ya yi ƙarar an sayar da gadonsa ba da saninsa ba, ya kuma yi ƙarar ɗana a kan raunin. Lauyan Tela ma ya aiko a ba shi takarda. Shekaranjiya babban wan nan ya zo gidana da sunan barka, ya ja ni gefe. Ya ce takarda ɗaya ce a duniya, tana hannuna, layin kuma fari ne. A dangwala yatsa a wurin, ko na wane ne, su huɗun su shaida cewa Direba ya sa hannu kafin ya tafi. Shi ke nan ya zama maƙaryaci mai ta'adi, ɗana kuma mai kare ubansa. In ba haka ba, in ji shi, ɗana ne ya kai mabuɗi, shi ne ya fasa baki, yarinya za ta yi wayo ubanta yana gidan yari. Wasu abokan sana'a kuma sun ce in yaga takardar kowa ya huta.

Ban yi ba, amma ban ce wa babban wan a'a ba, ina jin kunyar faɗa maka haka. Ni na tsufa, a ɗaure ni ba komai. Ɗana nake ji, wanda ya jira shekara goma sha ɗaya kafin ya ɗauki nasa. In dangwala, ko in yaga, ko yaya zan yi?

Kome ka ce dai, kai da masu karanta filin nan ku zo ku gan ta. Ku tambayi gidan dillali mai bandeji, duk layin an sani. Ku wanke hannu kawai, uwarta ba ta wasa da wannan.

Tsohon Dillali, Sabon Kaka

*

Baba,

Barka da arziki, sannu kuma da jiki. Na ji murnarka har nan.

Kada ka dangwala, kada ka yaga. Ana iya gwada yatsa a gane mai shi. Direba yana da takardun tafiya da za su nuna inda yake a ranar, Tela kuma ya ga layin nan fari da idonsa. Mutumin da ya kawo maka shawarar shi ne ya ce maka sun yi waya. Kansa yake neman fitarwa, da hannunka. Ranar da abin ya tonu, rubutunka ne a takardar, a wurinka take ajiye, shi kuwa zai ce bai san zancen ba. Yanzu abin da ke kanka sakaci ne. In ka taɓa takardar ya zama jabu, kuma duk wata gaskiyar da kai da ɗanka za ku faɗa a kotu ba mai sake saurarenta. Farin layin nan da kake tsoro shi ne shaidar ba ka taɓa cewa Direba ya sa hannu ba.

A maganar gida an zalunci Direba. Mutum ya dawo daga hanya ya tarar gidan ubansa ya zama na wani, dole ransa ya ɓaci. Amma ɓacin rai bai ba shi ikon karya hannun Tela ko tattaka dattijo ba, wannan zai amsa shi daban. Kai ma kana da naka, Baba, zan faɗa da girmamawa. Ka karɓi amincewar mutum daga bakin wani, ka saki mabuɗi kafin hannu ya cika, ka kuma rubuta ka tabbatar da abin da ba ka bincika ba. Ba karatun ne ya ja maka ba. Tun kafin ka iya rubutu haɗarin yana nan, ba ka dai taɓa faɗawa cikinsa ba.

Game da ɗanka, ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Wanda ya tarar ana dukan ubansa a ƙasa yana da abin faɗa a gaban alƙali, kuma mutanen layi sun gani. Yadda doka za ta auna bugun da ya yi, lauya ne zai gaya muku. Ku ɗauki naku, ba wanda babban wan zai kawo ba. Ka ba shi takardar yadda take, ka riƙe kwafi, ka gaya masa shawarar da aka kawo maka da ranar da aka kawo ta. Ka kuma faɗa a fili cewa kai ka rubuta, kai ka aiki ɗanka da mabuɗi. Wannan gaskiyar ta fi yatsan aro rage masa nauyi. Kada ka sake keɓewa da babban wan. Ka karɓi rahoton asibiti, a ɗauki hoton ofis kafin a share, a rubuta sunayen waɗanda suka raba. Mabuɗan da suka watse kuwa, ka kira masu gidajen yau su sauya kwaɗo, kada wata rigimar ta tsiro daga nan.

Ka aika a gaida Tela, in ka warware ka je da ƙafarka. Shi ne bai yi wa kowa komai ba, kuma amincewa da kai ce ta kai shi. In lauyoyi suka ga hanyar sulhu kada girman kai ya hana ka, ko da la'adarka za ta tafi a ciki. Direba ma ƙara za ta iya hawa kansa, mai yiwuwa in ya huce zai fi son a zauna.

In kun sake buɗe ofis, a daina barin layi. Magajin da ba ya nan ya aiko da wakilci a rubuce wanda hukuma ta tabbatar, ko a jira shi, ko cinikin ya wuce ka. A duba asalin gida a ofishin filaye kafin a yi tayi. Lauya ya tsara takarda, kowa ya tafi da kwafinsa ranar da aka sa hannu, mabuɗi ya zama abu na ƙarshe da zai bar hannunka. Jimlar nan taka kuma ka yi mata ritaya. Ka riƙa rubuta abin da ka gani da wanda ya gaya maka, wannan ya isa aikin dillali.

Gobe da safe ka ɗauki takardar nan, ka riƙe hannun ɗanka, ku tafi wurin lauya. Allah ya ba ku lafiya kai da Tela da Direba, ya fitar da ɗanka da mutuncinsa, ya raya yarinya a gaban ubanta.

Mai Fili