Waken Inna a Farantin Baƙi

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, Ya raya mana zuri'a. Mu a nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Autana ya fara tafiya, aikinsa ke nan bin kaji yana faɗuwa. Akuyar Inna ta haifi tagwaye. Hadari ya soma haɗuwa ta gabas, kowa ya fito da fartanyarsa yana wasawa. Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira a waya, domin na san bakina, in na fara maganar nan zagi ne zai fito, ga yara kuma suna ji.

Kin san Inna da halinta. Tun rasuwar Baba ba ta ajiye fartanya ba, ba ta kuma daina aikin mutane ba. Ita ce mai raka masu ciki asibiti, ita ce mai jinyar wanda ba shi da kowa, in bakin famfo ya yi caɓi ita ce za ta fito da tsintsiya. Kin kuma san tukwanen irinta da ke jere ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, kowace an cakuɗa da toka an liƙe bakinta da laka. Duk macen da yunwa ta sa ta cinye irinta, wurin Inna take zuwa da faɗuwar ruwa, ta ɗebar mata ba tare da wani dogon bayani ba. Wanda aka fi nema shi ne jan waken nan mai ɗigon baƙi da ta zo da shi daga ɗakin Kaka, wanda ke nuna da wuri, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Bara ruwa ya ci na kowa a gona, ya zamana tukunya ɗaya tak ta rage, ta Inna, kuma mata sun zuba mata ido.

To, sai ga ƙanen nan naki, wanda ya ce sai mu riƙa kiransa Ciyaman tun da ya kafa ƙungiyar da shi ne shugaba, shi ne kuma mai tafi. Ya ji labarin wasu baƙi na neman matan karkara masu aikin sa-kai domin a karrama su, nan take ya tuna yana da uwa. Mutumin da ke wuce gonarta a kan babur yana kare hularsa daga ƙura, shi ne ya je ya gaya musu da shi ake duk abin da take yi. Ya sa rana, ya gayyato rabin duniya, ya kawo mini yadi in ɗinka mata riga, har da gaya mini kalar zaren da zai fito a hoto.

Ana gobe taro, naƙudar matar maƙeri ta zo da gardama, Inna ta bi ta asibiti ta kwana can. Ni ina gidana kan keke ina fama da rigar. Shi kuwa gogan ya kawo masu fenti, ya leƙa ɗakin Inna ya ce warin toka yake yi, ba zai shigar da manyan mutane cikin tarkacen tsofaffi ba. Aka fito da tukwanen tsakar gida. Masu girkin da ya ɗauko haya daga gari suka ce cefanen da ya yi ba zai kai ko'ina ba, ga yawan mutanen da ya kira. Maimakon ya sa hannu a aljihu, sai ya nuna musu tukwanen ya ce ai ga abinci nan Allah Ya hore, tsohuwa ce kawai ke ɓoyo. Suka fasa bakin kowace, suka tankaɗe tokar, aka haɗe gero da dawa aka kai inji, waken kuma aka jiƙa shi. Yaya, ɗan da aka haifa a gidan noma, aka goye shi zuwa gona, bai san bambancin iri da abinci ba. Kai, sanin ma ya sani, kallon uwarsa ne bai taɓa yi ba.

Da ma kin ga taron. Rumfa, lasifika, kujerun roba, shi kuma yana yawo cikin babbar riga tana tashin ƙamshin sitati. Ya karɓi lasifika ya ƙi saki. Ya ce tun yana yaro shi ke taya Inna liƙe tukwane, har muryarsa na rawa, ya zaro hankici ya goge idon da babu komai a ciki. Aka miƙa mata wani katako mai sheƙi da sunanta a jiki, ya kama gefe ɗaya ya ƙi cikawa sai da aka gama ɗaukar hoto. Ita dai tana zaune da kumburarrun ƙafafu, daga asibiti aka ɗauko ta, ko ɗakinta ba a bari ta shiga ba.

Sai aka kawo abinci. Ina kusa da ita. Ta ɗaga cokali, ta tsaya, ta sa yatsa ta juya ƙwayar wake ɗaya a farantin. Ta tambaye ni a hankali a wace kasuwa aka samo wannan. Kafin in buɗe baki ta miƙe, ko takalmi ba ta saka ba. Na bi ta. Ɗakin fes, yana warin fenti, ƙarƙashin gado wayam. Tukwanen muka tarar a bayan katanga an wanke su an kife, ɗaya ma an cusa mata furen roba an ajiye a bakin ƙofa don ado. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Muna nan tsaye aka aiko wai baƙi suna son su ɗauki hotonta tare da irin da suka sha jin labari, alhali ya riga ya shige tumbinsu, wasu har da neman ƙari.

Da aka watse na tare shi. Ko kunya babu, ya ce wake ai wake ne, zai sayo mata buhu guda a shago, kuma kamata ya yi a gode masa da ya fitar da sunan gidanmu. Na ce masa ai kuwa ya fitar, har ya fitar da abin da ke cikin gidan. Buhun ma har yau ba mu ga ƙeyarsa ba. Matan gari kuwa, Allah Ya saka musu, da suka ji sai ga su da ɗan abin da ke hannunsu a ƙulle a bakin zane: gero, dawa, kuɓewa, riɗi. Jan waken ne babu mai ko ƙwaya. Inna ta je jujin da aka zubar da tokar ta tankaɗe shi da hannunta, ta tsinci 'yan ƙwayoyin da ruwan wanke-wanke ya riga ya taɓa. Ta binne su a tsohon kwano tana ba su ruwa. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Ga dalilin takardata. Zuwanki na bara waccan Inna ta ƙulla miki wannan wake a tsumma, kika kuma taɓa gaya mini kina shuka shi a bayan gidanki. In akwai saura, ko cikin tafin hannu ne, ki cakuɗa shi da toka ki ba direban da ya kawo miki wannan, ki ce hannuna zai damƙa. Kada ki yarda ya bi ta hannun Ciyaman, don sai ya kira taro a kansa. Ki hanzarta, ruwa ba zai jira mu ba. In kuwa an cinye, ni kaɗai za ki gaya wa, in san yadda zan yi da ita. Ba ta ce in tambaye ki ba, kin san ba za ta ce ba. Amma ta zare furen robar nan ta jefar, ta zuba sabuwar toka a tukunyar ta mayar ƙarƙashin gado, kuma kullum in na shiga sai ta tambaye ni ko kin kira. Katakon karramawar kuwa, da shi take rufe kaskon ruwan kaji.

Ki gaishe mini da maigidanki, da 'Yar Baba, da takwarar Inna, da ɗan lukutin nan naki da ban gani ba tukuna. Gwaggo da Kawu suna gaishe ki, matar maƙeri ma ta ce in gaya miki ta sami mace, an sa mata sunan Inna. Ciyaman ya ce in tambaye ki ko kin ga hotonsa, ga shi na isar. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai duban hanya,
Tela